Ciwon Bayan da Na Aro

Na yi shekaru ina ɗaukar kwandon lemo a kasuwar Zuba, tun ina ɗan dako har Allah ya ba ni rumfar kaina, kuma bayana bai taɓa cewa uffan ba. Haƙori ya yi ciwo, gwiwa ta yi, ido ma yanzu sai na miƙar da hannu da waya can nesa kafin in gane mai kira. Amma baya, a'a. Sai da na tsufa na je na aro ciwon baya a wurin jikata, na yi ta yawo da shi a unguwa, har ya kai ni kwance a tabarma gaban wanzami.

Yarinyar 'yar babbar 'yata ce. Uwarta tana sayar da atamfa a Wuse, daga safe sai magariba, saboda haka tun da aka yaye ta aka kawo mana riƙo. Ta tashi a hannuna da na tsohuwata, wato matata, a gidan hayar da muke ciki a nan Zuba. Lokacin da abin ya faru tana farkon sakandare, shekarun da yarinya ke tsawo kamar ana jan ta daga sama, rigar ƙaramar salla ba ta kaiwa babbar salla.

Tsohuwar ce ta fara gani. Wata la'asar ta idar da sallarta tana zaune tana jan carbi, yarinyar kuma tana gabanta tana yin tata sallar. Da ta yi ruku'u, sai tsohuwa ta ga ɓarin bayanta na dama ya ɗaga ya fi na hagu, kamar an cusa ƙaramin burodi a ƙarƙashin hijabi. Ta jira raka'a ta gaba, ta sake gani. Da na dawo daga kasuwa ta ja ni gefe.

"Malam, bayan yarinyar nan ba daidai yake ba."

"Ke dai carbi kike ja ko gadin ruku'un mutane?"

"Ni dai na gaya maka."

Na ce malamin Islamiyya ne bai koya mata ruku'u da kyau ba. Da wannan bai karɓu ba na ce jakar makaranta ce, littattafan yanzu sun fi buhun albasa nauyi. Tsohuwa ta ɗauko rigar sallar yarinyar ta tuna mini faɗan da na yi da tela a kan ɓari ɗaya ya fi ɗaya sauka. Na zage shi tas a ranar, na ce da ido ɗaya ya yi awo. To, sai na ce a kira uwarta.

Uwarta ta nemo mana wani asibiti a Gwarinpa. Ni aka ɗora wa rakiya, tunda ni ne mai rumfar da zai iya barin ta ga maƙwabci. Likita ya sa ta sunkuya, ruku'un nan dai na tsohuwa, ya duba, ya tura mu hoton ƙashi. Da aka ɗaga hoton a fitila, ni da ban yi boko ba ma na ga abin. Ƙashin ya taho sosai daga wuya, sai ya ɗan ratse dama kamar direba ya kauce wa rami, sannan ya dawo hanya. Ya faɗi sunan abin da Turanci, wani dogon suna, ban riƙe ko rabinsa ba. Ya tura mu wurin likitar gashin ƙashi.

Wata matashiya ce mai gilashi, Hausarta irin ta Abuja, wadda kowa a cikinta namiji ne.

"Baba, kada ka ji tsoro. Bayanshi ya lanƙwasa, amma kaɗan ne. Ba jaka ya kawo ba, ba aljani ba, ba laifin kowa ba. Matsala shi ne yanzu yana girma. Lokacin girma ne abin yake iya ƙaruwa."

Ta ce akwai motsa jiki na musamman, ba irin tsalle-tsallen filin makaranta ba, wanda ake yanka wa kowane yaro daidai lanƙwasarsa kamar yadda tela ke yanka riga. Za mu riƙa zuwa tana dubawa, amma ainihin aikin a gida ne, kullum. Ta ce ba ta yi alkawarin baya zai miƙe kamar sanda ba. Abin da ake nema shi ne kada ya ƙaru kafin ta gama tsawo.

Na ce, "In ya ƙaru fa?"

Ta miƙa hannu saman kanta ta sauko da wata riga ta roba mai tauri, fara, da maɗaurai a baya, kamar an raba bokiti biyu. Ta ce wannan ake sa wa yaro ƙarƙashin kaya, ya yini da ita, ya je makaranta da ita. Ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara ƙwas-ƙwas. Na dubi jikata. Ba ta yi kuka ba, amma ta zuba wa rigar nan ido kamar ta ga makara.

Mutum zai ce wanda ya ga wannan riga ba sai an roƙe shi ya yi motsa jiki ba. To, ba ku san gidanmu ba.

Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. In ka yi atishawa a ɗakinka, daga ɗaki na ƙarshe za a ce maka yarhamukallah. Ɗakinmu kuwa gado da akwatunan tsohuwa sun cinye shi. Motsa jikin yana son fili, yana son wurin da za ta kama sama ta saki jiki, kuma ƙarfen taga ɗaya tak da ya yi daidai da tsayinta yana waje ne, yana fuskantar murhun Madam mai abinci. Madam maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya, mai kirki ƙwarai, amma duk abin da ta gani da safe, kafin azahar masu cin shinkafarta a tasha sun ji. 'Ya'yanta kuma makarantarsu ɗaya da jikata.

"Wallahi, Kaka, ba zan yi a waje ba," in ji yarinyar. "Gobe a aji za a fara ce mini mai ƙusumbi."

"Ina ƙusumbin yake? Ni ban ga komai ba sai kin sunkuya."

"Kai ai ba ka ganin komai sai an miƙar da shi nesa."

Jika da kaka, ba a shiga tsakaninsu. Ita kaɗai ce a duniya take gaya mini irin wannan in yi dariya.

Ta ɗan gwada a lungun gado, tana buge gwiwar hannu da akwati. Daga baya ta daina. Tsohuwa ta yi faɗa, uwarta ta bugo waya ta yi nata, har da barazanar ƙwace waya. Yarinya ta ce to, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, mu ji shiru. Na leƙa ta taga wata rana na same ta kwance tana kallon rufi. Da muka koma asibiti likita ta sa ta yi, ta gani da idonta ba a yi komai a gida ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ɗaga kai ta dubi rigar robar nan a saman kanta, ta dube ni.

A hanyar dawowa dabara ta zo mini.

Washegari da yamma, ina isowa ƙofar gida na dafe ƙugu, na saki wani nishi da na tabbatar ya isa murhun Madam.

"Wash! Wayyo bayana!"

"Oga, lafiya?" Ta taso da ludayi a hannu.

"Ina fa lafiya, Madam. Kwandunan Zuba sun gama da ni. Ba ki ga muna ta zirga-zirgar Gwarinpa ba? Likita ta ce ƙashin bayana ya karkace. Yarinyar nan nake ɗauka tana yi mini tafinta, kin san ni Turancina daga kam sai go. An ba ni motsa jiki, ita aka koya wa don ta riƙa nuna mini."

"Eyya! Sannu, oga. Allah ya kawo sauƙi."

Tsohuwa tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da aikinta. Yarinya kuwa tana tsaye bayan labule, ido ɗaya a waje. Na ce da ƙarfi, "Ke, fito ki nuna mini abin nan, na manta." Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta fito da sanduna biyu na mofa, abin goge daɓe, da muka saya don aikin.

Haka muka fara. Ita malama, ni ɗalibi, gida duka 'yan kallo.

Ta kama ƙarfen taga ta saki jiki ƙasa kamar za ta zauna a kujerar da babu, ta miƙar da wuya, ta ce, "Ka gani? Haka." In zo in kama, in yi wani abu kamar buhun da aka rataye a ƙusa. Ta ce, "Ba haka ba! Matsa." Ta sake yi. In ce ban ga yadda ƙafa ta tsaya ba. Ta sake. In ce rana ta kashe mini ido. Ta sake. Kafin a kira magariba ta yi abin da likita ta ce har da ƙari, ni kuma ban iya ko ɗaya ba.

Washegari in tashi kaina fes, kamar ba a taɓa nuna mini ba.

"Kaka, jiya fa na nuna maka!"

"Jiya daban, yau daban."

"Wai da me aka yi kan nan naka?"

"Da abin da aka yi na uwarki. Nuna mini."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, rabin mantuwar ce kawai ta ganganci. Ɗaya rabin, Allah shaida, da gaske ne. Musamman numfashi. Wai sai ta zauna a kan kujerar tsakar gida, ta dogara sandunan nan biyu a ƙasa, ta miƙe kamar ana jan ta da igiya ta tsakar ka, sannan ta ja iska ta tura ta ɓarin haƙarƙarin da ya lotsa, ya buɗe, ta fitar da ita a hankali ta tsakanin haƙora, tsssss, har ta ƙare tas ba tare da jiki ya koma yadda yake ba. Ni na yi shekaru ina numfashi, ban taɓa sanin ana aiken iska unguwa ɗaya a bar ɗaya ba. In na ja, duk ciki take tafiya. Wata rana na matsa da ƙarfi, ta fita ta inda ba a aike ta ba. 'Ya'yan Madam har da birgima a ƙasa. Malamata ta saki sanduna ta durƙusa tana dariya har da hawaye, dariyar da ban ji ba tun ranar rigar roba.

Akwai kuma wata 'yar jaka da likita ta ce a ɗinka a cika da shinkafa, a riƙa tokare gefen baya da ita in ta kwanta. Tsohuwa ta ɗinka da ƙyallen atamfa, amma kullum sai ta yi mita wai ana kwanciya a kan abinci. Ta rantse ranar da aka gama sai ta dafa ta ta ba ni ni kaɗai.

Da muka koma Gwarinpa likita ta ga bambanci tun kafin a yi magana. Yarinya ta tsaya gaban madubi ta gyara kafaɗarta da kanta, ba a taɓa ta ba. Da ta fita shan ruwa na gaya wa likita sirrin. Ta cire gilashi ta yi dariya ta ƙoshi, sannan ta nuna ni da yatsa.

"Amma Baba, kada ka yi nashi da gaske. An yanka wa bayanshi ne, ba naka ba. Kai ka tsaya daidai, ka yi numfashi, ka ci gaba da ɓatawa."

Na ce, "Likita, wannan aikin ba sai an koya mini ba."

Da a nan na tsaya, da lafiya lau. Amma ciwo, in ba ya yi maka ciwo, abu ne mai daɗi ƙwarai. Ban sani ba sai da na ɗanɗana.

Madam ta fara aiko mini da farfesun ƙafar sa, wai yana ƙara ruwan ƙashi. A kasuwa labari ya riga ni isa. In motar kankana ta iso, ina miƙa hannu sai maƙwabtan rumfa su taso, "Haba Alhaji, zauna, da wane bayan?" In zauna a inuwa ina nuna musu inda za su jera. A masallaci aka kawo mini kujerar roba, na ce a'a, salla dai zan lallaɓa in yi ta a tsaye, aka yi ta yaba ƙarfin imanina. A mota kwandasta ya riƙa ba ni gaba. Na ƙara wa tafiyata ɗan ɗingishi, duk da likita ba ta ce ciwon yana taɓa ƙafa ba. Wata safiya tsohuwa ta bi ni da ido har ƙofa, ta ce, "Malam, jiya da hagu ka ɗingisa."

"Ciwon yawo yake yi."

"Zai yi yawo ya dawo ya same ka."

Watanni suka shuɗe. Yarinya tana ƙara ƙarfi, ni kuma dole in ƙi warkewa, don ranar da na warke makaranta ta tashi. Abin da ban lissafa ba shi ne tausayin 'yan kasuwa. Ashe suna zaune suna shawara a kaina. Wai ga bawan Allah yana ta jigilar asibiti, ana sa shi lilo a taga kamar biri, babu sauƙi. Wai wannan ba ciwon Bature ba ne, mataccen jini ne ya taru.

Ranar wata Lahadi da hantsi, muna tsakiyar darasi, na ji sallama. Abokaina ne na layin 'yan lemo, a gabansu babban amininmu mai sayar da abarba, wanda muka zo Abuja a mota ɗaya tun muna samari. A bayansu wani dattijo da zabira a kafaɗa. Ina ganin zabirar nan na gane wanzami ne.

Duk wanda ya san ni ya san ba na tsoron ɗan sanda, ba na tsoron direban tirela. Amma aska, in ba a kan gashi take ba, ba ma shiri. Jini ko na kaza ne, in za a yanka sai in tuna ina da saƙo a waje. Tsohuwa ce kaɗai ta san wannan, sai kuma wannan aminin nawa, wanda a ranar ya yi kamar ya manta.

Aminin nawa ya ce, "Alhaji, mun kawo maka wanzami. Ƙaho za a yi maka, a zuƙe mugun jinin nan kowa ya huta."

"Kai, ai da sauƙi yanzu. Jiya ma na ji kamar an zare mini shi."

"Jiya da ka kasa ɗaga kwandon gwanda?"

"Likita ta hana a haɗa da na gargajiya."

"Likita ta yi nata ta gaji. Kwanta."

Na waiga neman ceto wurin tsohuwa. Sai na gan ta tana fitowa da sabuwar tabarma, ta shimfiɗa a tsakiyar gida, ta kakkaɓe ta da kyau, ta ce, "Malam, kawo rigar in riƙe maka." Fuskarta kamar ta mai rakiyar amarya. Madam ta sauke tukunya ta matso. Ƙofofi suka buɗe. Har mai gyaran janareto na ɗakin ƙarshe, wanda ba ya fitowa ko gobara ake yi, ya fito da burushi a baki.

Abu ɗaya ne zai fitar da ni, in ce ƙarya nake yi. In na faɗa kuma, tambaya ta gaba ita ce, to wa ake kaiwa Gwarinpa? Na dubi jikata. Tana tsaye jikin taga, sanduna a hannu, idonta ya yi zuru-zuru. Na girgiza mata kai, wato ki yi shiru. Kaina ne ya girgiza. Zuciyata kuwa tana durƙushe tana roƙonta.

Na kwanta rub da ciki. Wanzami ya tsuguna ya bi bayana da babban yatsa yana dannawa, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Ga shi nan. Ya daɗe." Abokaina suka ce, "Ka ji ko!" Bayan da bai taɓa ciwo ba, ga shi an gano masa cuta har da shekarunta.

Ya kafa ƙaho, ya sa baki ya zuƙe, na ji fata ta bi shi. Ya toshe bakin, ya kafa na biyu. Na ce a raina, yanzu za ta yi magana. Shiru. Na karkata ido na hango ta, ta dogara sanduna, ta miƙe tsaye, tana fitar da iska ta haƙora, tsssss. Wanzami ya cire ƙahon farko, ya buɗe zabira. Na ji ƙarar aska a kan fatar wasawa, shau, shau. Na fara karanto duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga mota. Sanyin ƙarfe ya taɓa ni. Tsat!

Ihun da na yi, daga baya aka ce mini an ji shi a bakin titin Kaduna.

"Ku ƙyale shi!"

Jikata ce.

"Ku ƙyale shi, lafiyarsa ƙalau. Ba abin da ke damun bayansa. Nawa ne. Ni ake kaiwa asibiti, ƙashin bayana ne ya ɗan lanƙwasa. Ni aka ba motsa jikin, shi rakiya kawai yake yi."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta tsaya tana jiran abin da ta daɗe tana tsoro, a zuba mata ido, a fara ƙus-ƙus.

Ba wanda ya ko kalle ta. Duk idon gidan a kaina ya sauka.

"Oga!" in ji Madam, ta riƙe ƙugu. "Ƙafar sa nawa ka ci?"

"Kai, tsohon banza!" in ji aminina. "Mu muna sauke maka kankana, bayanmu na ƙara, kai kana inuwa kana nuna mana da yatsa?"

"Har kujera muka kawo masa a masallaci!" in ji wani daga cikinsu.

"Ai ban zauna ba," na ce daga ƙasa.

Tsohuwa ta toshe baki da rigata, kafaɗunta suna rawa. Na yunƙura zan tashi, tunda gaskiya ta fito. Sai wanzami ya dafa ni da tafin hannu, a natse, ya ce shi tun da ya gaji sana'ar nan bai taɓa cire ƙaho ya mayar zabira babu jini ba, kuma ba a kaina zai fara ba. Aminina ya ce wannan gaskiya ne. Ya zauna a ƙafafuna. Wani ya kama hannun dama, mai janareto ya ajiye burushi ya kama na hagu, mutumin da ko gaisuwa ba ma yi sosai.

Aka yi mini ƙaho cikakke. Ban suma ba, ko da wa zai gaya muku akasin haka. Na dai rufe ido na ɗan lokaci.

Ina kwance ana shafa mini magani, na ji Madam ta ja yarinya gefe. Na kasa kunne, a shirye nake in tashi da jini a baya in an faɗa mata maras daɗi. Sai na ji tana cewa, "Wannan asibiti, a ina yake a Gwarinpa? Yarinyar ƙanwata, kafaɗa ɗaya ya fi ɗaya. Mu muna cewa yanga yake yi." Suka shiga ɗaki da tsohuwa, aka saki labule, na san ruku'u ake nunawa.

Ba zan ce ba wanda ya taɓa tsokanar ta ba. Ɗan Madam na tsakiya ya gwada, sau ɗaya. Ta miƙa masa sandunan ta ce in ya isa ya yi abin da take yi. Ya kama taga, bai kai ko'ina ba hannu ya fara kakkarwa, ya saki ya faɗi zaune. Maganar ta mutu a nan. Sunan da take tsoro bai kama ta ba, don bakin unguwa ya riga ya sami abin taunawa. Ni ne har yau in na ratsa layin 'yan lemo sai wani ya dafe ƙugu ya ce, "Wash, bayana!" Kankana kuwa ni nake sauke abata, har da abarbar aminina in ya ga dama.

Tun daga ranar take fitowa ita kaɗai bayan la'asar, ta kama ƙarfen taga, ba ta neman ɗalibi. Na zo zan tsaya kusa da ita washegari ta ce, "An kore ka, Kaka. Ba ka da ƙwaƙwalwa." Na koma kan benci ina kallo, bayana yana zugi, karo na farko a rayuwata da gaske, kuma ba mai cewa sannu.

Da lokacin sake hoto ya yi muka koma. Likita ta jera tsoho da sabo a fitila, ta daɗe tana aunawa. Yarinya ta ƙara tsawo, amma ratsen nan yana nan inda yake, bai ƙaru ba. Ta ce ba a gama ba, za a ci gaba da aiki da dubawa har ta daina tsawo. Amma ba ta miƙa hannu saman kanta ba. Rigar roba tana can ta yi ƙura. Jikata ta ɗaga kai ta dube ta, ta yi mata gwalo a ɓoye, na gani.

A mota, muna gangarowa wajen Zuba, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Ke, tsakaninki da Allah. Tunda kin san za ki yi magana, me ya sa kika bari sai da aska ta shiga?"

Ta gyara zama, ta miƙe wuya kamar yadda aka koya mata.

"Numfashi nake fitarwa, Kaka. Likita ta ce ba a katse shi a tsakiya."